Shekarar da Na Yi wa Audugar Kawu Feshi

A shekarar da aka ba mu mulkin kai na gama makarantar koyon aikin gona, aka turo ni Tambuwal, garinmu. Da farko na ɗauka sa'a na yi. Zan kwana a ɗakin da na tashi a ciki, in ci tuwon Inna, in hau keken aiki in zaga ƙauyuka. Kayan aikin ba su da yawa: keken, da famfon feshi da ake goyawa a baya, da gwangwanayen maganin ƙwari, da wani ɗan gilashi mai ƙara girman abu da nake ratayawa a wuya. Aikin da aka ɗora mini a daminar shi ne in samo manomin auduga da zai yarda a raba gonarsa biyu, a yi wa rabi feshi, a bar rabi yadda aka saba, don mutane su ga bambanci da idonsu. Aka ce in damina ta ɗauke babban malamin gona zai zo rangadi daga Sakkwato ya duba.

Babu wanda ya yarda. Ba su ƙi ni a fili ba. Za a shimfiɗa mini tabarma, a kawo ruwa, a tambayi lafiyar Inna, a saurare ni har in gama, sa'an nan a ce sai an yi shawara. Wani dattijo a Jabo ya buɗe gwangwanin ya shinshina, ya mayar ya ajiye nesa da ƙafarsa, ya ce abin da ke wari haka ba zai zuba shi inda iyalinsa ke tsinkar yakuwa ba. Mutanen nan sun san ni tun ina rarrafe. Wandon kaki da takalmi ba su sa na zama manomi a idonsu ba.

Auduga ta fara fure ban samu gona ba. Kullum in na dawo sai in jingine keken in zauna a zaure, famfon na kallona. Inna ta lura. Wata rana tana tankaɗe ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ka tafi Kebbe wurin kawunka. Ko ba shi so, ba shi iya hana ka."

Kawu yayan Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Dogo ne, ba ya son yawan magana. Tun rasuwar mahaifina bai taɓa barin kaka ta wuce bai aiko mana da dammunan gero a kan jaki ba. A shekarar nan geron kowa ba a yaba ba, amma nasa ya fi shan wuya, domin ruwa ya ɗauke bayan shuka, sai da ya sake binne iri a makare. Gonar audugar ce ya sa wa ido, da ita zai sayi hatsin da zai kai gidansa wata daminar. Na san da haka lokacin da na ɗaura famfon a bayan keke na kama hanyar Kebbe. Na san shi sarai.

Na same shi a gonar yana cire ciyawa. Ya saurare ni yana dafe da ƙotar fartanya. A can kaɗa suke ce wa auduga, haka shi ma yake cewa.

"Wanga ruwa naka," ya ce, "in ya kashe tsutsa, mi shika yi ma kaɗa?"

"Ba ya taɓa ta, Kawu. An gwada."

"Kai kag gwada?"

"A makaranta munka gwada."

Ya daɗe yana kallon gonar. Daga baya ya nuna wani marke da ke tsakiya, ya ja hannunsa zuwa wani suri a ƙarshen kunyoyi. Ya ce daga nan zuwa gabas nawa ne, yamma nasa.

Feshin farko ya yi kyau fiye da yadda na yi fata. Bayan mako biyu na dawo na yi na biyu. A rabin gabas ba ka ganin furen da ya zube, ƙwallayen auduga suna ta fitowa sumul, babu huda. A rabin yamma kuwa, in ka ɓare ƙwallo uku sai ka sami tsutsa a ɗaya. Maƙwabta suka fara ratsowa ta gonar in za su gida. Wanda ya ce a ba shi famfon ya goya ya ji nauyinsa, wanda ya tambayi ko maganin na kashe gara. Ranar ce aka fara kirana malam a Kebbe ba da zolaya ba.

Abin da ban ba muhimmanci ba shi ne abin da ke ƙasa. Kashegarin kowane feshi, kwarin kunya kan cika da matattun ƙwari, iri-iri, har da waɗanda ban san da su a gonar ba. A cikinsu akwai wata 'yar ƙwaro mai kamar rabin ƙwayar wake, bayanta a dunƙule, ja-ja mai ɗigon baƙi. Matar Kawu ta kawo mana fura a gona ranar, ta tsuguna ta kwashi kaɗan a tafinta ta juya su da yatsa.

"Har da 'yar kunkuru," ta ce.

Na ce ai maganin ba ya zaɓe, kuma na faɗe shi ne da alfahari. Ta zubar, ta goge hannu a zani. Har yau ban san wani suna da ƙwaron ke da shi da Hausa ba sai wanda ta kira ta da shi.

A zuwana na uku Kawu ne da kansa ya tare ni tun kafin in sauke famfon. Ya ce tsutsa na cinye masa rabin yamma yana kallo, ga magani a hannun ɗan ƙanwarsa. Ya ce in wuce marken. Ka'idar aikin ta hana, domin in an fesa duka babu abin da za a gwada da shi. Amma ban taɓa jin Kawu ya roƙi kowa kome ba, kuma ina son in ga fuskarsa ranar tsinka. Na wuce marken. Ban tsaya nan ba, na ƙara ƙarfin haɗin fiye da yadda aka rubuta a jikin gwangwanin, don in rama makonnin da tsutsa ta riga ni. Maganin ya ƙare saura kunyoyi goma sha biyu a can gefen yamma, inda gonar ta haɗu da gayaunar waken matar Kawu. Na ce zan cike su in na dawo.

Daga nan ruwa ya ɗauke. Rana ta buɗe, irin zafin nan na ƙarshen damina mai sa riga ta manne a baya tun hantsi. Ni kuma aka tsare ni a Tambuwal da shirin bikin mulkin kai. An ce kowane ma'aikaci ya nuna aikinsa a filin makaranta, ni aka ba ni tebur in jera famfo da gwangwanaye da irin gyaɗa.

Ana gobe biki wani mai sayar da kifi busasshe, mutumin Kebbe, ya yi sallama a zaurenmu. Ya ce Kawu ya ce in zo, kaɗa na ƙonewa.

"Wuta ta kama?" na tambaya.

"Ba wuta ba. Ganye na ja, shina zuba."

"Wane gefe?"

Ya ce shi bai san gefe ba, amma ya ji ana cewa inda aka zuba ruwan Nasara ne.

Ba zan iya ba da labarin bikin nan ba, ko da yake a tsakiyarsa na wuni. Na san 'yan makaranta sun yi maci da 'yan tutoci, na san an kunna rediyo da ƙarfi a ƙofar ofis, mutane sun yi cincirindo suna saurare. Ni ina tsaye bayan tebur ina nuna wa mutane yadda ake buga famfo, ina maimaita cewa ba ya taɓa ganye. Duk wanda ya doso sai in duba ko daga Kebbe yake. Tunanina ɗaya ne, haɗin nan da na ƙara wa ƙarfi. Na auna shi a zuci ya fi sau ashirin, kowane karo sai ya fito da yawa fiye da na baya. Da na koma gida Inna ta ajiye mini shinkafa da nama, abin da ba kullum ake samu ba, na ci loma biyu na rufe. Ta ji saƙon mai kifi ta bayan zana, amma ba ta tambaye ni ba.

Da aka sallame asuba na kama hanya. Tayar baya ta yi faci sau biyu. Rana ta yi tsaka kafin in isa.

Tun daga nesa na ga launin gonar ya sauya. Inda na bari kore shar ya koma kamar tsatsa. Na jefar da keken a bakin kunya na shiga. Ganyen ya yi ɗigo-ɗigo rawaya, wani ya yi ja ya naɗe, in ka taɓa sai ya faɗo. Ƙwallayen da nake taƙama da su suna nan tsirara a rana, ba su gama ƙosawa ba. Na juya wani ganye na ga bayansa da wata saƙa siririya kamar yanar gizo, da wani jan gari a kai. Na shafa da babban yatsa, ya bar mini jan zane. Da na sa gilashi sai na ga garin yana tafiya. Ƙwari ne, ƙanana ƙwarai, jajaye, masu ƙafafu kamar gizo-gizo, sun cika bayan ganyen har suna hawan juna. An nuna mana hotonsu a makaranta, jan gizo ake ce musu, suna tsotse ruwan ganye har ya bushe. Ban taɓa ganinsu da yawa haka ba.

Abin kunya, da farko daɗi na ji. Ba haɗina ne ya ƙone ganyen ba, ƙwaro ne. Na miƙe zan je in faɗa wa Kawu haka, sai idona ya kai can gefen yamma. Kunyoyin nan goma sha biyu da magani bai kai ba suna nan kore.

Kawu yana zaune a gindin marke tare da mutum uku. Na gaishe su. Ɗayansu ya ce ai dama ya faɗa. Kawu bai dube shi ba. Ya ce da ni, "Ka gani?"

"Na gani. Ƙwaro na, Kawu. Wani ɗan ƙarami."

"Ka taho da magani?"

Na taho da shi, sabon gwangwani, yana ɗaure a bayan keke.

"To mi kaka jira?"

Na ce ya ba ni kaɗan in duba. Gaskiya ban san abin da zan duba ba, ina son in bar gaban mutanen ne kawai. Na taka har kunyoyin da ba a fesa ba, na tsuguna a tsakaninsu inda ba a hango ni. A nan ma akwai jan gizo, amma jefi-jefi, sai ka juya ganye biyar kafin ka samu. Abin da ke da yawa shi ne 'yar kunkuru. Kusan kowace itaciya da biyu ko uku, wasu ja, wasu ruwan goro, da kuma wasu baƙaƙe ƙanana irinsu, ba su kai ƙwayar gero ba. Na bi wata baƙa da gilashi. Ta zo kan 'yar tarin jan gizo, ta tsaya, ta kama ɗaya ta cinye. Ta matsa ta kama wani. Ban ƙirga ba, amma ban ɗauke gilashin ba sai da ta share wurin ta haura jijiyar ganyen ta koma ɗaya gefen.

A nan tsugune na tuna wani malaminmu, dattijo, wanda ya taɓa aiki a wata ƙasa mai duwatsu inda ake noman ganyen shayi. Wata rana bayan azahar, ajin duk ana gyangyaɗi, ya ba mu labarin yadda jan gizo ke busar da ganyen shayi a can, da yadda lambunan da suka fi shan feshi suka fi shan wahalarsa, domin magani na kashe masu cinsa, shi kuwa ba ya jin maganin sosai. Ya zana 'yar ƙwaron a allo. Mu shayi a cikin kwali muka san shi, labarin ya yi mana nisa, kuma bai fito a jarrabawa ba.

Daɗin da na ji ya tafi. Ashe dai ni ne, ta wata hanyar.

Na daɗe ban tashi ba. In na sake feshi, mutane za su ga na yi wani abu, in gonar ta mutu a ce ƙwaro ya fi ƙarfin magani. In ban yi ba, ba ni da abin da zan nuna sai labarin wani dattijo da abin da na gani a ganye guda. Kuma ban tabbata ba. Wannan shi ne ya fi damuna, ban tabbata ba, ga hatsin gidan Kawu na shekara a kan abin da zan faɗa.

Na koma gindin marke. Mutanen sun tafi. Na ce, "Kawu, ba ni sake feshi."

Ya dube ni. Na ba shi gilashin, na kai shi gefen yamma, na nemo masa ganye mai baƙar ƙwaron. Bai iya riƙon gilashin ba da farko, yana nesanta shi da ido, sai da na gyara masa hannu. Ya daɗe yana kallo. Ya miƙo mini.

"Waɗanga su anka share ranar da kaf fesa?"

"Su na."

"Kai kak kashe su."

"Ni na kashe su."

"Ni nac ce ka wuce marke," ya ce. "To yanzu mi za a yi? A zauna a kalla?"

Matar Kawu ce ta ba da amsa da yamma, muna zaune a tsakar gida, tana jin mu daga bakin murhu. Ta ce 'yar kunkuru ai a wakenta ta fi yawa. Duk shekarar da darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotse ganye, ta kama wake, ganye ya yi danƙo, sai ta zo ta cika shi, bayan kwanaki darɓar ta ragu. Ta ce da sassafe, kafin rana ta busar da raɓa, ba ta tashi, in ka girgiza yaɗon wake sai ta zubo kamar tsakuwa. Kawu ya tambaye ta don me ba ta taɓa faɗa ba. Ta ce wa ya tambaye ta.

Kwana fuɗu na yi a Kebbe, yadda suke faɗa. Kowace safiya mu uku muna cikin wake da ƙwarya da faifai. Ni in tara ƙwaryar, ita ta girgiza, a rufe da faifai, Kawu ya ɗauka ya kai cikin auduga ya juye a gindin itacen da ke da sauran ganye. Da muka gama da gayaunarta ta shiga gidajen maƙwabta ta roƙi mata su bar mu mu shiga nasu. Labari ya zaga gari cewa malamin gona da ya zo kashe ƙwari ya koma kiwonsu. Masu wucewa kan tsaya a bakin hanya su yi mana sannu da kiwo. Ni abin bai dame ni ba kamar ganin Kawu, mutumin da ake tashi a ba shi wuri a masallaci, yana tafe a hankali da ƙwaryar ƙwari a hannu biyu don kada faifai ya zame.

Da rana ta ɗaga sai ka ga suna buɗe baya suna tashi, da yawa sun koma inda suka fito. Waɗanda muka zuba a gabashin marke kuwa, inda feshi ya fi yawa, kashegari muka tarar da wasu a ƙasa, ƙafafu sama. Na daina kai su can. Muka tsaya kan kunyoyin da ke kusa da gefen yamma, muna matsawa gabas kaɗan-kaɗan.

Dole na koma bakin aiki. Makonni uku da suka biyo baya a kan hanyar Kebbe na yi su, in tafi Jumma'a bayan masallaci, in dawo Lahadi. Na rame har wandon kakin na zamewa. A Tambuwal duk ganyen da na gani sai na juya bayansa, har na zogalen gidanmu. Inna ta fara tambaya a kaikaice, ko Kawu ya ce a gaishe ta, ko ya ci abinci tare da ni. Na gane abin da take tsoro ba auduga ba ce. Ita ta tura ni, kuma ba ta da wani ɗan'uwa sai shi.

A mako na biyu aka yi wani ruwa na bankwana, mai ƙarfi, ya wanke gonar. Da na je bayansa na ga sabon toho a kan itatuwan da ke yammacin marke, ƙananan ganye masu laushi, bayansu fes. A kan wasu akwai 'yan ƙwai rawaya a jere a tsaye, da wasu tsutsotsi masu ruwan toka, masu ƙafafu shida, suna yawo. Kawu har ya fara murtsuke su, na riƙe hannunsa, na ce 'ya'yan 'yar kunkuru ne. Wannan kam na tuna shi daga zanen allo. Ruwan ne ya taimaka ko ƙwarin da muka ɗebo, ko da ma za su dawo da kansu, ban sani ba, kuma har na bar aiki ban samu wanda ya tabbatar mini ba. Gabashin marke bai farfaɗo ba. Ƙwallayen can sun fashe tun ba su ƙosa ba, audugar ta fito 'yar kaɗan, ta yi dauɗa.

Babban malamin ya zo a ƙarshen watan. Bahaushe ne, sabon hawa, ya karɓi kujerar daga Baturen da ya koma gida. Tun a mota nake shirya yadda zan faɗi abin ta yadda zai yi sauƙi. Da muka tsaya a bakin gonar ya tambaye ni ina rabin da ba a fesa ba, sai duk shirin ya watse. Na faɗa masa yadda aka yi, har da haɗin. Ya yi mini faɗa a gaban Kawu, a hankali, ba da ɗaga murya ba, ya ce gwajin shekara guda na lalata, kuma gonar mutum ba allon makaranta ba ce. Kawu ya ce, "Ranka shi daɗe, ni nas sa shi." Malamin ya ce shi Kawu ba a ba shi gwangwani da rubutu a jiki ba. Daga nan ya karɓi gilashina ya shiga kunyoyin yamma, ya yi kusan rabin sa'a a tsugune. Da ya fito ya ce in rubuta duk abin da na gani, yadda na gan shi, kada in gyara kome, in aika masa. Ban san inda takardar ta ƙare ba. Shekara mai zuwa an sake aiko da gwangwanaye.

Da aka yi tsinka, abin da gonar ta bayar bai kai na shekarar da babu feshi ba. Kunyoyin nan goma sha biyu ma ba su tsira duka ba, tsutsa ta ci rabonta a can. Tsakiyar gonar, daga marke zuwa yamma, ita ta fi kyau. Kawu ya sayar da akuyoyi biyu ya cike hatsi. A karo na farko tun rasuwar mahaifina jakinsa bai zo da gero ba. Ni na sayi buhun dawa da albashina na aika Kebbe, ya dawo mini da shi ta hannun wanda ya kai, ya ce a gaya mini Inna ta fi shi bukata.

Bayan kamar wata guda sai ga jakin a ƙofar gida, da ƙunshi babba a tsohon zani. Audugar gabashin marke ce, wadda masu awo suka ƙi saye. Kawu ya aiko cewa a ba Inna, ko za ta yi mata amfani. Ta baza ta a tabarma ta tsince dattin, ta gurje, ta shiɓe, ta ɗauko mazari. Duk ranin nan, in na dawo daga aiki da la'asar, a bakin ƙofar ɗakinta nake samunta tana kaɗi. Zaren ba ya nisa sai ya tsinke. Ta shafa alli a yatsa, ta haɗa, ta murza mazarin, ya sake tsinkewa. Wata rana na ce ta bar shi haka nan, in sayo mata mai kyau a kasuwa.

"Gajera ce kawai," ta ce. "Tana kaɗuwa."

Kafin azumi ta tara abin da ya isa, ta kai wa masaƙi, aka yi mata gwado ɗaya mai kauri. Ta ba mai kifi ya kai wa matar Kawu.